Yadda Ake Tsamo Labari Daga Gosulo Da Sauran Wahalhalun Legas

Matasa da dama a Agege da Idi Araba sun sha ce min suna son rubutu amma ba su da abin rubutawa, wai rayuwarsu daga gida sai kasuwa. To ai labarin yana nan tsakanin gidan da kasuwar.

Da farko, kama abu tun da zafinsa. Idan danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ya tsaya cik a titin Ikorodu, kada awa biyun nan su tafi a tsaki. Rubuta abu biyar da idonka ya gani, a waya ko a takarda (wayar dai a nesanta ta da taga). Kada ka rubuta "na gaji", kowa a motar ya gaji. Rubuta yadda kwandasta ya naɗe kuɗi tsakanin yatsunsa, da yaron da ke bin mota a guje don ya karɓi kuɗin ruwan da ya riga ya miƙa ta taga.

Sai kuma kunne. Riƙe magana yadda aka faɗe ta. Fasinjan da zai sauka "O wa!" yake cewa, ka bar masa Yarbancinsa, mai karatu a Katsina zai gane daga abin da ya biyo baya.

Abin da ya fi wuya shi ne na baƙin ciki, kuma a nan nake so ka daɗe. Wata safiya a kasuwar Mile 12 na tsaya kusa da wani dattijo da motar tumatirinsa ta makara a hanya daga Arewa. Ya buɗe kwando, ya tura hannu, ruwa ya biyo yatsunsa har gwiwar hannu. Ya buɗe na biyu. Bai buɗe na uku ba. Ya goge hannun a gefen kwandon, ya ce wa yaronsa, "Je ka sha shayi tukuna." A ranar na cika shafi biyu da zagin hanya da masu tare motoci, kuma babu abin ɗauka a ciki. Bayan mako uku na koma kan rubutun na tarar da cewa hannun nan da maganar shayin sun isa. Don haka rubuta fushinka duka a ranar, ka ajiye, sai ya huce ka dawo ka tsince abin da ya faru daga abin da ka ji a ranka.

Daga nan tambayi kanka me ɗaya mutumin yake so. Idan kana ba da labarin ɗan acaɓa da aka ƙwace wa babur bayan dokar hana acaɓa ta 2022 a wasu ƙananan hukumomin Legas, jami'in da ya ƙwace ma yana da gida da dalilinsa. Ka ba shi fuska, ko da ba ka yafe masa ba.

Canza suna da unguwa da sana'a idan asirin wani zai tonu. Wannan amana ce.

In ka gama, karanta wa wanda ya san wurin, mai shayi ko ɗan dako. Duk inda ya katse ka ya ce, "A'a, ba haka ake yi ba," sa alama, ka tambaye shi yadda ake yi, ka gyara a daren.