Kurakuran da aka fi yi wajen fassara ɗaukar fansa a wasan Hamlet

Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗaliban adabi a kan Hamlet, wasan da William Shakespeare ya rubuta wajajen 1600, ya san amsar da ta fi yawa: wai yariman Danmak rago ne, an kashe masa uba ya tsaya nuƙu-nuƙu. Wannan shi ne babban kuskure, kuma sauran ƙananan daga jikinsa suke tsirowa.

A fara da abin da Hamlet yake da shi a hannu. Shaidarsa ɗaya ce tak, fatalwar mahaifinsa da ta fito da dare a kan ganuwar fadar Elsinore, ta ce baffan Hamlet, Claudius, wanda ya gaji sarautar, shi ne ya ɗiga masa guba a kunne yana barci a lambu. Wane mai hankali zai sare sarki da maganar fatalwa? Shi kansa Hamlet ya faɗa cewa mai yiwuwa shaiɗan ne ya ari siffar uban don ya halaka shi. Ga shi kuma ɗalibin Wittenberg ne, jami'ar da Martin Luther ya koyar, inda ba a yarda da wurin da fatalwar ta ce daga can ta fito ba, wato inda wuta take wanke rayuka kafin su shiga aljanna. Saboda haka ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisan a gaban Claudius, ya zuba wa fuskarsa ido. Bincike ke nan. In za ka rubuta a kan jinkirinsa, ka raba shi biyu: kafin wannan gwajin da bayansa.

Bayan gwajin ma, raggon namu ya soke Polonius, mai ba sarki shawara, ta bayan labule ba tare da ya leƙa ba, ya kuma canza wasiƙar da ta kai tsofaffin abokansa Rosencrantz da Guildenstern ga takobin Ingila. Mutumin da ya yi haka ba tsoron jini yake ba.

Inda aka fi zamewa shi ne kashi na uku, lokacin da ya tarar da Claudius a durƙushe yana addu'a ya mayar da takobinsa kube. Da yawa sukan rubuta cewa tausayi ne ko tsoron Allah ya hana shi. A sake karantawa. Dalilin da ya bayar ya fi kisan muni: in ya kashe shi cikin tuba zai tafi aljanna, shi kuwa so yake ya ritsa shi cikin maye ko zunubi ya wuce wuta kai tsaye. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi, in ji masu magana, kuma a nan ta fito tsirara. Abin takaicin, Claudius ya tashi yana cewa addu'ar ba ta karɓu ba, don ya ƙi sakin sarauta da matar da ya yi kisan dominsu.

Akwai kuskuren da ya fi kama mai karatu daga wajenmu. A al'adarmu da addininmu, ƙanin miji ya auri matar wansa bayan ta gama takaba ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma yabawa ake don riƙon marayu. Sai ɗalibi ya ga kamar Hamlet kishi kawai yake da auren mahaifiyarsa Gertrude. A Ingila ta lokacin, coci ya ɗauki irin wannan aure tamkar auren muharrami. Hujjar da Sarki Henry na Takwas ya kafa ke nan don rabuwa da Catherine, wadda ta fara auren wansa Arthur. Ga kuma gaggawa: ko wata biyu ba a cika da mutuwar ba aka ɗaura, abin da mu ma mai wata huɗu da kwana goma zai sa mu ɗaga gira. Haka nan kada a kira aikin Hamlet kisasi. Kisasi a gaban alƙali ake yinsa, da shaidu. A nan wanda ake tuhuma shi ne sarkin, babu inda za a kai ƙara.

Sannan a daina rubutu kamar Hamlet kaɗai ne aka kashe wa uba. Su uku ne. Laertes, ɗan Polonius, ya dawo daga Faransa da gungun mutane ya fasa ƙofar fada, ya ce ko a cikin coci zai yanka wanda ya kashe Polonius. Shi ne ɗan halak ɗin da ɗalibai suke so Hamlet ya zama, kuma shi ne Claudius ya fi saurin juyawa kamar waina, har shi da kansa ya kawo shawarar shafa wa takobinsa guba. Fortinbras na Norway, wanda tsohon sarki Hamlet ya kashe wa uba, an tanƙwara shi ya kai yaƙinsa Poland, ya dawo ya tarar da gadon sarautar Danmak ba kowa a kai. Rubutun da bai jera su ukun ba, ya bar rabin wasan a ƙasa.

Ƙarshen ma ana yawan ba shi ma'anar da ba tasa ba, a ce Hamlet ya cika alkawari. A tsohon labarin Amleth da Saxo Grammaticus ya rubuta wajajen 1200, haka aka yi: yaron ya yi haukan ƙarya, ya ƙona fada, ya kashe baffansa, ya hau mulki. Shakespeare bai bi wannan hanya ba. Gasar takobin da aka yi tsakanin Hamlet da Laertes, Claudius ne ya shirya ta, gubar kofi tasa ce, ta takobi kuwa Laertes ne ya kawo ta. Hamlet ya kashe shi ne bayan Gertrude ta sha kofin ta faɗi, bayan Laertes ya gaya masa shi ma gubar ta riga ta shiga jininsa. Da yake ɗura wa Claudius sauran abin shan, cewa ya yi ya bi mahaifiyarsa. Mutum takwas suka mutu a cikin wasan, har da Ophelia, 'yar Polonius, da ba ta san hawa ba balle sauka, alhali fatalwar ran mutum ɗaya ta nema.