Kurakuran da ke lalata ledar kitosan tun a ɗakin gwaji

Masu haɗa ledar abinci mai ruɓewa da sitacin rogo, su ƙarfafa ta da ƙwayoyin nano (ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani) na kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, kusan rami ɗaya suke faɗawa. Abin yana ci mini rai, don kayan akwai tsada, kuma sau da yawa ɗalibi da kuɗin aljihunsa yake saye.

Wasu a ruwa zalla suke zuba garin kitosan. Kitosan ba ya narkewa sai da tsami. A sa asid ɗin asetik, irin na khal, kashi 1 cikin 100, a bar shi yana juyawa ya kwana, a tace. Ma'aunin tsami, wato pH, ya tsaya wajen 4.5 zuwa 5, domin da ya haura 6.5 sai kitosan ya tsinke ya kwanta.

Amma wurin zuba TPP, sinadarin da ke dunƙule shi ya zama ƙwayoyi, nan aka fi ɓarna. Na taɓa ganin ɗalibi ya juye shi gaba ɗaya don yana sauri, nan take ruwan ya yi gudaji kamar nonon da ya tsinke, aikin kwana biyu ya tashi a banza. Ɗigo-ɗigo ake zubawa ana juyawa, nauyin kitosan ya ninka na TPP sau 3 zuwa 5. In ruwan ya yi ɗan hazo, kamar an ɗiga madara a kofin ruwa, to an dace.

Kada a cika ƙwayoyin a sitacin, in sun yi yawa curewa suke yi, ledar ta riƙa yagewa daga nan. Gilisarin ma, sinadarin da ake sawa don ledar ta yi laushi, da awo: ya yi kaɗan ta karye kamar ƙanzo, ya yi yawa ta yi danƙo.

Sai yanayi. Ledar da aka gwada da hunturu a Kano ba za ta ba da sakamako ɗaya da ta watan Agusta ba, saboda kitosan da sitaci duk masu shan laima ne. A ajiye ta kwana biyu a digiri 23 da laima kashi 50 kafin a auna ƙarfinta. Wannan shan laimar ne ya sa ban yarda a naɗe ɗanyen nama da ita ba. Busasshen abu mai maiƙo irin kilishi ko soyayyar gyaɗa ya fi dacewa da ita, don in tana bushe tana tare iskar da ke sa mai ya yi ɗoyi. A kuma rubuta a jikin ƙunshin cewa daga jatan lande aka samo kitosan da ke cikinta, akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukarsa.