Yadda za ku kai yara kallon jazz kyauta a Harlem

In kuna New York lokacin zafi, Yuli zuwa Agusta, ku nemi Jazzmobile, wata ƙungiyar kiɗan jazz a unguwar Harlem, tun 1964 suke kiɗa a fili ba ko sisi. Yawanci Laraba da yamma ne a Grant's Tomb, wato wajen kabarin tsohon shugaban Amurka Grant, ku hau jirgin ƙasa lamba 1 ku sauka titi na 125.

Ku je da wuri fa, don wajen cika yake, ku riƙo kujerar naɗewa ko tabarma da ruwa da ɗan abin taɓawa saboda yara, kuma kar ku zauna dab da sifika, ƙarar na firgita jarirai. Rawa kuwa ba sai kun iya ba, tsofaffin unguwa za su fara, ku bi sahu kawai. In hadari ya haɗo ku duba shafinsu tukuna, wani lokacin ana ɗagawa.