Wane gam ake zubawa a ramin sukurun bayindin ɗin sikii?

Salam 'yan'uwa. Tun da hunturu ya shigo mana nan Kalgari ta Kanada mutum uku kenan cikin namu suna min tambaya iri ɗaya, sun sayi sikii, wato dogon allon nan da ake sulɓi da shi a kan dusar ƙanƙara, ta intanet ko na gwanjo, bayindin ya zo daban a kwalinsa, to wane gam za su sa in sun tashi ɗaurawa. Ga wanda bai taɓa hawa ba, bayindin shi ne abin nan na ƙarfe da roba da ke damƙe takalminka a kan allon, in ka faɗi kuma ya sake ka kafin gwiwa ta murɗe. Sukurori ne ke haɗa shi da allon, galibi huɗu a gaba huɗu a baya.

Abin da nake so kowa ya fara ganewa, ba gam ne ke riƙe bayindin ba. Tiredin sukurun ne, wato zaren nan da ya zagaye jikinsa, da ya cije katako ko ƙarfen da ke cikin allon. Aikin gam shi ne ya toshe ramin kada ruwa ya shiga, sannan ya ba sukurun santsi lokacin da yake shiga. Galibin sikii cikinsa katako ne, kuma duk ramin da ka huda ƙofa ka buɗe wa ruwa. Ka wuni kana hawa a duwatsun Banff dusar ƙanƙara ta cika saman allon, ka sa a mota hita na aiki ta narke, ruwan ya bi gefen sukuru ya sauka, gobe ka fito sanyi ya kai -20 ya daskare a ciki ya kumbura, haka dai kullum har katakon ya ruɓe.

Na taɓa kwance bayindin daga wani sikii na gwanjo da na saya, wanda ya ɗaura shi bai sa komai a ramukan ba. Sukuru na farko ya fito ja wur da tsatsa, na tura tsinken sakace a ramin sai ga katakon yana fitowa baƙi, laushi kamar jiƙaƙƙen burodi, har da ɗan wari. Biyu daga cikin sukurorin baya da yatsa na juya su. Wlh gabana sai da ya faɗi, don mai shi da haka yake gangarowa daga kan dutse.

To in allonka na katako ne zalla a ciki, na yau da kullum, gam ɗin kafinta ya wadatar amma wanda ruwa ba ya ci, ba farin nan da muka saba gani ana haɗa kujera da shi ba. A nan Kanada da Amurka Titebond III aka fi samu, in kana Turai duba jikin robar ka ga an rubuta D3 ko D4, D4 ya fi jure ruwa. Shagunan sikii da yawa irin wannan suke amfani da shi ko gam ɗin da ake yi musamman don bayindin. Daɗinsa, duk ranar da ka so canja bayindin sukurun zai fito ba rigima.

Efoksi kuma, wato mai haɗi biyu irin Araldite, shi ne zaɓina in allon marar nauyi ne irin na masu hawa dutse da ƙafa, wanda cikinsa busasshiyar kumfar roba ce ko katako mai laushi da kabon, ko kuma bayindin irin na telemak da dunduniya ke tashi tana fizgar sukurori sama a kowane lanƙwaso. A irin wannan allon tiredi ba ya samun abin cizo sosai, sai efoksin ya jiƙa bangon ramin ya ƙara masa tauri. Ga kuma wani dalili, gam ɗin kafinta da ruwa ake haɗa shi, yana bushewa ne in katako ya tsotse ruwan, to kumfa ba ta tsotsa, sai ya daɗe a jiƙe cikin rufaffen rami yana sa wa sukuru tsatsa. Amma don Allah kada ka sayi efoksi mai minti 5. Na san shi ke cike da kantuna kuma mutum yana sauri, sai dai in ya bushe ya cika tauri, sanyi na dukansa allon kuma na lanƙwasa sai ya tsage, ruwa ya samu hanya. Nemi mai bushewa a hankali, wanda aka rubuta awa 24. Wasu na tsoronsa wai sukuru ba zai ƙara fita ba, zai fita, ka ɗora ƙarfen soda irin na masu gyaran rediyo a kan sukurun ya ɗau zafi, efoksin zai yi laushi ka kwance abinka.

Akwai mai kumfa irin Gorilla Glue, yana toshe ruwa da kyau kuma akwai masu yabonsa, ni dai ban cika so ba saboda kumburin da yake yi, in ka ɗan zarce sai ya malalo ƙarƙashin bayindin ya ɓata wuri. In shi ka samu ɗigo ɗaya ƙarami ya isa. Supa gulu kuwa ajiye shi gefe, yana kamawa kafin sukurun ya gama shiga kuma ba ya jure lanƙwasa. Haka Loctite ɗin makanikai, shuɗi ko ja, an yi shi ne don ƙarfe da ƙarfe, kuma yana cin wasu robobi, sai ka wayi gari robar bayindin ta yi tsagu ba ka san dalili ba.

Yanzu yadda ake sa shi, don nan ne ake ɓata aikin ko da gam ɗin mai kyau ne. Duba jikin allon, kamfanoni da yawa suna rubuta girman bakin dirilin da ya dace. Allon da ba ƙarfe a ciki yawanci milimita 3.5 ko 3.6 ne da zurfin milimita 9 zuwa 9.5, mai ƙarfe a ciki 4.1, shi kuma sai an fara yanka masa tiredi kafin sukuru ya shiga in ba haka ba saman allon zai ɗago. Na yara ramin bai kai haka zurfi ba, wajen milimita 7, ka kula kada ka fasa ta ƙasa. Ka gama huda sai ka kifa allon ka bubbuga garin katakon ya zube, gam ba ya kama ƙura. Ɗan tudun da ke tasowa a bakin kowane rami kankare shi da reza don bayindin ya kwanta daram. Sannan ka ɗebi gam da tsinken ashana ka shafe bangon ramin har sama, ba wai ka cika shi fal ba, in ka cika sukurun zai matse gam ɗin ba shi da wurin gudu. Daidai shi ne ka ga ɗan kaɗan ya leƙo a gefe in sukurun ya kusa zama.

Sukudireban ma ba kowanne ba, Pozidriv lamba 3 ne, yana kama da mai kuros na Phillips amma ba shi ba ne, in ka sa Phillips zai cinye kan sukurun. Ka ɗaure da hannu kana dannawa ƙasa, da ka ji ya tsaya cak ka bar shi, ƙarin rabin juyin nan na neman tabbaci shi ke cinye tiredi. In kuwa ya riga ya faru, sukuru na ta juyawa ba ya kamawa, ka yayyanka soson ƙarfe ƙanana ka cakuɗa da efoksi ka cusa a ramin, ka mayar da sukurun a hankali. Ramin da ya lalace sosai ka kai shago su sa masa sabon tiredi. Tsofaffin ramukan wani bayindin kuma kada ka bar su a buɗe, akwai 'yan matosai na roba da ake bugawa tare da gam, sabon rami kuma ya yi nesa da tsoho kamar santimita 1.

In efoksi ka sa, kifa allon ƙasansa na kallon sama don ya gangaro wajen wuyan sukurun inda ruwa ke bi. Ka shigo da shi cikin ɗaki mai ɗumi, ba gareji ba, a sanyi efoksi ba ya bushewa yadda ya kamata, ya kwana ya wuni. Washegari ka ɗauki allon da takalminka ka kai shago su gwada sakin bayindin ɗin a na'ura daidai da nauyinka da tsawon takalmin, kafin ka kama hanyar wurin hawa na Lake Louise.