Suna ɗaya, hali ɗaya, bayan Allah-u-Abha

'Yan'uwa Baha'i, ga shawara ga mai neman zuciyarsa ta sake da mutane.

Idan ka yi alwala ka zauna, ka kammala zikirin Allah-u-Abha (Allah ne Mafi Ɗaukaka) sau 95, kada ka tashi nan take.
Kawo sunan mutum ɗaya a ranka, wanda gaisuwarku ta yi sanyi.
Faɗi halinsa ɗaya na kirki: "Wane mai riƙon amana ne, yau zan tarbe shi da sakin fuska."

Ba sai ka sayi littafi ba, ba sai ka ware wani lokaci ba. Zaman da ka saba yi kullum shi zai tuna maka.

Asalin shawarar koyarwar Abdul-Baha ce, ɗan Baha'u'llah wanda ya kafa addinin Baha'i: mutum ko munanan halayensa goma ne, na kirki ɗaya, a dubi ɗayan a manta da goman. Bakin da ya yabi mutum da safe yakan ji nauyin gulmarsa da yamma, gulma kuwa Baha'u'llah ya hana ta ƙwarai. Ni dai wannan ne ya fi yi mini amfani.

Maganar taka ce, ba ta cikin zikirin, don haka a bayansa za ka yi ta.

Ba ta aiki idan ta tsaya a baki. Kira mutumin a ranar, ko ka zauna kusa da shi a taron da ake yi duk bayan kwana 19.

Idan kuma bashi ne ko zalunci a tsakaninku, wannan ba za ta warware shi ba. Ku zauna ku tattauna, in ya gagara ku kai wa majalisar Baha'i mai mutum 9 ta garinku.