Yadda Ake Kammala Littafin Karatun Dare da Yara, a Zaɓi Na Gaba

A gidajen Hausawa na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, inda aka saba karanta wa yara littafi babi-babi bayan sallar isha'i, fara littafi ba ya ba iyaye wahala kamar ƙare shi. Yaron da ya shafe wata biyu yana kwana da labarin mutum guda ya riga ya ɗauke shi tamkar ɗan gida, saboda haka idan aka rufe littafin bagatatan, aka ɗauko wani washegari, sau da yawa sabon ba ya shiga ransa ko da ya fi na baya daɗi.

Mataki na farko shi ne a sanar da yara tun da sauran kwana uku ko huɗu. Hanya mafi sauƙi ita ce a kama ragowar shafukan tsakanin yatsu biyu a nuna musu, domin ƙaramin yaro bai san ma'anar babi uku ba, amma yana ganin siranta da idonsa.

Mataki na biyu shi ne shirya daren ƙarshe. A yi cajin fitila tun da rana, don kada ɗaukewar wuta ta yanke labari a daidai inda ya fi armashi, kuma a fara da wuri, kafin barci ya fara fizgar ƙanana. Idan lokacin zafi ne na Maris da Afrilu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kada a haɗa babi biyu don ɗokin gamawa. Bayan an karanta layin ƙarshe, a rufe littafin a yi shiru kaɗan, a bar su su fara magana. A nan ne yawancinmu muke kuskure, mu shiga tambayar darasin da aka koya, sai hira ta koma jarrabawa, alhali yaran sun wuni suna amsa tambayoyin malamai. Idan auta ta ɗago kai ta ce, "Baba, to daga nan ina ya tafi?", ya isa a ce mata, "Ke a ganinki fa?" Wanda barci ya kwashe kafin a kai ƙarshe kuwa, haƙƙinsa ne a maimaita masa babin gobe, ko da yayyensa za su yi gunaguni.

Mataki na uku shi ne a ba da tazara ta kwana uku zuwa mako guda, a cike ta da tatsuniya. A roƙi kaka ko goggo ta buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku", a sha labarin Gizo da Ƙoƙi, sa'an nan a sa yaran su ba da labarin littafin da aka gama da bakinsu. Abin da suka riƙe da abin da suka tsallake shi zai nuna irin littafin da za a nemo musu.

Mataki na huɗu, wato zaɓen, shi ya fi bukatar natsuwa. Sai an fara yanke shawara kan harshe, domin yaranmu suna karatu da Faransanci a makaranta, suna wasa da Fulatanci a unguwa, Hausa kuwa galibi a gida suke jin ta. A ganina, wannan ya isa dalilin bai wa Hausa lokacin dare. Matsalar ita ce littattafan Hausa ba su cika samuwa a shagunan littattafai na nan ba, yawanci daga Kano da Zariya suke fitowa, don haka sai a ba da sautu ga ɗan kasuwa mai bi ta Yola ko Mubi, a rubuta masa sunan littafin da na marubucin a takarda. In ba haka ba, yana iya dawowa da littafin soyayya wanda aka rubuta don manya. Mai neman littafi mai dogon zango zai iya farawa da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda yake kundi uku ne, kuma labaransa gajeru ne da za a iya kammala ɗaya a zama guda.

Kowane littafi aka samo, babba ya fara karanta shi shi kaɗai, sa'an nan ya gwada shafi ɗaya da murya a bayyane, domin akwai rubutun da yake da daɗi a ido amma yana sarƙe harshe. A duba tsawon babi: wanda ya wuce minti goma sha biyar zai bar ƙananan a baya. Idan tazarar shekarun yaran tana da yawa, a zaɓi abin da ya ɗan fi ƙarfin ƙarami, tunda kunne yana gaba da ido wajen fahimta, kuma babban ba zai ga an raina shi ba. Idan na Faransanci kawai aka samu, ana iya mayar da shi Hausa yayin karantawa, amma sai an duba babin tun da rana an tanadi kalmomin da za su yi gardama. Daga ƙarshe a tace littafi biyu ko uku, a karanta musu farkon kowanne, su zaɓa da kansu.

Mataki na biyar shi ne daren buɗe sabon littafi. A taƙaita karatun, a tsaya inda za su nemi ƙari, kuma a miƙa wa babban yaro ya karanta sakin layi ɗaya. Ɗan makarantar Faransanci zai ga "ci" ya ce "si", ya ga "ƙ" da "ɗ" da "ɓ" ya tsaya yana kallon lanƙwasarsu. Kada a bari ƙannensa su yi masa dariya. A nuna masa cewa "c" ta Hausa ita ce sautin da Faransanci yake rubutawa da "tch", kamar a farkon sunan ƙasar Cadi, "sh" kuma ita ce "ch" da ya sani, sa'an nan a sa shi ya sake karanta layin daga farko.