Yadda za ka yi da kalmar da ta ƙi fassaruwa

Tun da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa cikin watan Maris na 2025, fassara ta zama abin da ake nema sosai nan Yamai, gidajen radiyo ne, taron ƙungiyoyi ne, har wajen likita ana neman tafinta, kuma matasa sun kama aikin, wallahi abin yana mini daɗi. Amma akwai inda kusan kowa ke cijewa, wato in an iso ga kalmar da ba ta da ƴar'uwa a Hausa. Sai ka ga mutum ya jefo ta da Faransanci yadda take ya wuce abinshi, ita ko tsohuwar da ke saurare can Tawa ba ta kama komi ba.

Da farko aje ƙamus tukuna. Tambayi mai harshen, a wane hali ake faɗinta, wa ke faɗa ma wa? Jamusawa na da Schadenfreude, kalma biyu ce aka haɗa, ɓarna da murna, wato daɗin da mutum ke ji in wani ya gamu da tsautsayi. Kullum cewa ake ba ta fassaruwa. To mai taƙama da sabon babur ya bi ta bakin kasuwar Katako bayan ruwan sama yana watsa ma mutane taɓo, can gaba ya zame ya faɗi, mi ƴan kasuwa za su ce? "Allah shi ƙara!" Ka ga ashe muna da ita, kawai mu ba suna muka ba ta ba, magana ce muke furtawa, sai ka gina jimlarka a kanta.

Wata kuma faɗi ne ya yi mata yawa. Saudade ta Fotugal haka take, kewa ce da bege da wani ɗan daɗi-daɗi na tunawa duk a dunƙule, a Barazil har rana aka ware mata, 30 ga Janairu. Kar ka ce sai ka kwaso duka. Duba jimlar da ke gabanka, in zancen ɗan ci-rani ne da ya daɗe Abijan bai ga Adar ba, kewar gida ta wadatar. In masoya ne sa bege, don bege na da zafin da kewa ba ta da shi.

Akwai wadda barinta za ka yi da sunanta. Teranga ta Wolof, wadda ƴan ƙwallon Senegal ke ɗauke da sunanta, faɗe ta haka nan, ka ƙara sau ɗaya cewa karrama baƙo ce irin ta mutanen can, ka ci gaba.

Inda nike so ka yi taka-tsantsan da gaske shi ne laïcité, kalmar Faransanci kan matsayin gwamnati game da addini. Wannan ba ta ado ba ce, tana iya tada rigima. In ka ce "babu ruwan ƙasa da addini" mai saurare zai ji kamar an kori addinin ne, kuma ba haka ake nufi ba. Kundin tsarin mulkinmu na 2010, wanda aka dakatar a 2023, cewa ya yi an raba tsakanin gwamnati da addini, to bi wannan, ka bayyana cewa gwamnati ba ta ɗauki wani addini ta ce shi ne nata ba, kowa kuma yana da damar yin nashi. Ya fi tsawo, na sani, amma a irin wannan wuri gara tsawon.

Sai kuma in daga Hausa za ka fita, nan ne ma aikin ya fi wuya. Yaya za ka gaya ma Bafaranshe santi? In ka ce abinci ya yi daɗi ba ka faɗi komi ba, dole ka nuna mishi mutumin da ya kai loma ta kilishi ko tuwo da miyar kuka sai kawai ya ɓarke da zancen da ba shi da kai, jama'a su kwashe da dariya su ce santi ya kama shi. Kara ma haka, ba kunya ba ce zalla, ba ladabi ba ne zalla, ka bar hakkinka ne don ganin idon wani. Wasan taubasai kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, sunan da Faransanci ya ba shi ya kama gefen barkwancin kawai. Kai sai ka ƙara da cewa Bafillace da Babarbare in suna tsokanar juna babu mai fushi, kuma da wannan wasa ake kashe faɗa tsakanin mutane.

In ka gama, kar ka kai ma abokinka na lakkwal ya duba, shi yana da Faransancin a kai, zai cike giɓin da kanshi ba tare da ya sani ba. Karanta ma inna ko wani dattijo a fada wanda bai yi boko ba, ka ce ya maimaita maka abin da ya ji da bakinshi. In abin da ya dawo maka da shi ya kauce, koma ka sake gina jimlar, sau da yawa kalmar da ya yi amfani da ita wajen maimaitawar ita ce wadda kake nema.